Yadda muka zaɓi manhajar kula da membobi a ƙungiyarmu ta birnin Zariya

Tun da ƙungiyarmu ta koma riƙe rajistar membobi da karɓar kuɗin wata ta hanyar manhaja, sakatarorin wasu ƙungiyoyi daga Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru suke tambayata wace manhaja muka ɗauka, kuma nawa muka biya. Nakan rasa gajeriyar amsar da zan ba su, domin sunan manhajar shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke cikin lamarin, shi ya sa na ga ya fi dacewa in rubuta yadda muka bi hanyar tun daga farko, don wanda zai biyo baya ya san inda ake tsayawa da inda kuɗi ke fita. Ƙungiyar tamu ta taimakon juna ce ta mutanen wata unguwa a cikin birni, membobinta sun haura ɗari bakwai, kuma da yawansu aiki ko kasuwanci ya kai su Kaduna da Kano da Abuja da Legas. Kowane memba yana ba da naira 1,000 a wata, da ita ake biyan kuɗin makarantar marayu, a taimaka wa wanda aka kwantar a asibiti, a gyara katangar maƙabarta, a kuma raba hatsi idan azumi ya ƙarato. Ni ne sakataren kuɗi.

Shekara da shekaru babban littafi ɗaya ne ke riƙe da komai, yana hannun ma'ajinmu, wani dattijo da ya yi aikin akawu har ya yi ritaya, wanda dukkanmu muke kira Baba. Mutum ya kawo kuɗinsa bayan sallar Juma'a, a rubuta, a yanka masa rasit, shi ke nan. Abin da ya rusa wannan tsari shi ne canjin takardun kuɗi na naira 200 da 500 da 1,000 da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoba na 2022, wanda ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a watannin farko na 2023. Da mutane suka rasa abin da za su miƙa a hannu, sai suka koma tura kuɗi asusun Baba na ƙashin kansa, saboda asusun ƙungiya na banki ya daɗe da daina aiki. Wani ya tura ta wajen mai POS, sai alat ya shigo da sunan shagon mai POS ɗin. Wani ya sa ɗansa ya tura daga Abuja. Wata ta haɗa nata da na mijinta da na ƙaninta ta tura a dunƙule ba tare da bayani ba. Kafin azumin shekarar ya fita, akwai kuɗi masu yawa a asusun da babu wanda zai iya rantsewa na wane ne, ga shi kuma sun cakuɗe da fanshon Baba. A taron da muka yi bayan ƙaramar Sallah mutum biyu suka miƙe suka ce sun biya, littafi kuwa ya nuna ana bin su bashi, kuma kowa ya ga yadda fuskar dattijon ta canza. Ba wanda ya zarge shi, amma shi da kansa ya nemi a sauke masa wannan nauyi. A nan aka kafa ƙaramin kwamiti: ni da Baba, da shugabar ɓangaren mata, da wani lauya ɗan unguwa, da wani matashi da ke gab da kammala karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello.

Zamanmu na farko matashin ya zo da jerin manhajoji a wayarsa, yana ta bayanin abin da kowace ke iya yi. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, ni tambayata ɗaya ce. Idan kuɗi ya shigo, wannan abin zai gaya mini wane ne ya biya, kuma na wane wata ya biya, ba sai na buga wa kowa waya ba?" Matashin ya ce, "Baba, ya danganta da wacce aka ɗauka." Daga nan muka ajiye jerin a gefe, muka ɗauki biro muka rubuta abin da muke bukata da bakinmu. Muna son kowane memba ya kasance da lamba ɗaya da ba ta canzawa, muna son kuɗin da ya shigo ya hau kan sunan mai shi kai tsaye, muna son wanda ya biya ya sami saƙon tes a ƙaramar waya mai maɓalli domin yawancin dattawanmu ita suke riƙewa, muna son a iya shigar da kuɗin da aka karɓa a hannu, muna son rahoton da za a buga a takarda a karanta a taro, kuma muna son a biya kuɗin manhajar da naira. Hajiya shugabar mata ta ƙara da cewa jerin marayu da zawarawa da marasa lafiya kada ya zama abin da kowane jami'i zai buɗe ya gani. Wannan takarda guda ita ce muka riƙa auna kowace manhaja da ita har ƙarshe, kuma a ganina duk ƙungiyar da ta fara kallon manhajoji kafin ta rubuta irinta, mai talla ne zai zaɓar mata.

Aikin da ya biyo baya shi ne mafi gajiyarwa, wato tsabtace rajistar kanta, kuma ya cinye mana kusan duk daminar 2023. Mun yi amfani da KoboToolbox wajen tattara bayanai, saboda manhajarta ta waya tana karɓar fom ko babu sabis, sai an sami intanet ta aika, abin da fom ɗin Google ba ya yi. Samari suka bi maza a majalisu da masallatai, 'yan mata kuma suka shiga gidaje, mutanen da ke nesa aka aika musu fom ta WhatsApp. Da muka haɗa sabon jerin da tsohon littafi sai matsaloli suka bayyana. Akwai mutanen da suka rasu tun tuni amma sunayensu na nan ana lissafa musu bashi. Akwai wanda aka rubuta Muhammadu a wani shafi, Mamman a wani, aka ɗauke shi mutum biyu, akwai kuma mutane daban-daban masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, waɗanda sai da sunan gida ko laƙabi ake bambance su, don haka muka buɗe gurbi na musamman na laƙabi da na gidan da mutum ya fito. Sai kuma ƙananan abubuwa na fasaha da ke ɓata aiki idan ba a lura ba: Excel yana ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, sai ya share sifirin farko, ya mayar da 0803 ta koma 803, sannan idan aka buɗe fayil ba a kan tsarin rubutun da ya dace ba, haruffa masu lanƙwasa da ke cikin sunaye irin Ɗanladi da Ƙasimu sukan rikiɗe su koma wasu alamomi marasa ma'ana. Abin da muka kashe a wannan mataki bai wuce kuɗin data da na acaba da ɗan abin ruwa ga samarin ba, amma haƙurin da ya ci ya fi na kowane mataki.

Da jerin ya tsaya, muka fara duba manhajojin ƙasashen waje. Mun buɗe gwajin kyauta na WildApricot, wadda ta samo asali daga Kanada, muka kuma leƙa wasu irinta. Gaskiya an tsara su da kyau: suna tunatar da memba lokacin sabunta rajista, suna shirya taro da tikiti, suna ba ƙungiya shafin intanet nata. Sai dai an gina su ne domin ƙungiyar da kowane membanta ke da imel da yake dubawa da katin banki da yake biya da shi, mu kuwa mafi yawan mutanenmu imel ɗin da aka buɗe musu ranar da suka sayi waya ne kawai, ba su taɓa komawa kansa ba. Farashin kuma da dala ne, yana hawa gwargwadon yawan sunayen da aka zuba, ma'ana idan muka shigar da masu kula da marayu da masu ba da gudummawa daga waje, za mu haye mataki mai tsada. Lissafin dalar ne ya ƙarasa maganar. A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya saki farashin naira, dala ta tashi daga kusan naira 460 a hukumance ta haura 700, a watan Fabrairu na 2024 kuma ta kai 1,500. Ƙungiyar da kuɗin shigarta naira ne tsayayye ba za ta iya ɗaukar alkawarin da ke ninkuwa tana barci ba. Ko da mun yarda da farashin, a lokacin bankuna da yawa sun dakatar ko sun taƙaita biyan kuɗin waje da katin naira, sai dai mu roƙi wani memba mai asusun dala ya riƙa biya mana, wanda hakan komawa ne ga abin da muke gudu, wato ɗora harkar ƙungiya a kan aljihun mutum ɗaya.

Daga nan matashinmu ya kawo shawarar CiviCRM, manhaja ce kyauta da aka fara fitarwa a 2005 domin ƙungiyoyin sa-kai, ana ɗora ta a kan manhajojin gina shafin intanet irin WordPress ko Drupal ko Joomla, kuma bayanan suna zama a hannun ƙungiya. Ya ɗora mana ita ta gwaji, ta karɓi sunayenmu da haruffansu daidai, ta ba da damar raba wa jami'ai iyakar abin da kowa zai gani, kuma ni kaina na ƙaunace ta. Amma kyautar tana nufin ba a sayen lasisi ne kawai. Dole a biya hayar wurin da za a ajiye ta a intanet duk shekara, a sayi adireshin shafi, a riƙa sabunta ta saboda tsaro, a riƙa ajiye kwafin bayanai, sannan a sami wanda zai haɗa ta da hanyar karɓar kuɗi ta gida. Lauyanmu ya tambaye shi, "Ƙanena, idan aka tura ka hidimar ƙasa Kuros Riba, ranar da abin ya tsaya wa za mu kira?" Ya yi dariya ya ce zai riƙa gyarawa daga can. Mun san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma mun riga mun ga ƙungiyoyin da shafinsu ya mutu ranar da yaron da ya gina shi ya sami aiki. Ga ƙungiyar da ke da ma'aikacin fasaha na dindindin, ko kuɗin ɗaukar kamfanin da zai kula mata, har yanzu ina ganin wannan zaɓi ne mai kyau. Mu ba mu da ko ɗaya.

Sai muka juya ga kamfanonin cikin gida, a nan ne kuma tafiyar ta tsaya cik, domin duk wanda muka tuntuɓa kan karɓar kuɗi ta manhaja abu uku yake fara nema: satifiket ɗin rajista na hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, lambar haraji, da asusun banki mai sunan ƙungiya. Satifiket muna da shi, iyayenmu sun yi rajista tun ƙarƙashin tsohuwar dokar kamfanoni ta 1990, amma biyu daga cikin amintattun da ke kansa sun rasu, kuma an yi shekaru ba a shigar da rahoton shekara-shekara ba. Lauyan ya yi mana bayanin cewa a dokar 2020 da ta maye gurbin waccan, ƙungiyoyi irin tamu suna ƙarƙashin sashen amintattu masu rajista, ana son su shigar da rahoto tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba na kowace shekara, wanda ya yi jinkiri kuma akwai tara. Canza amintattu ma ba a yin sa a zaure. Sai da muka kira babban taro aka zaɓi sababbi, aka rubuta ƙudurin taron shugaba da sakatare suka sa hannu, aka tattara lambar NIN da hoton fasfo na kowane sabon amintacce da shaidar rasuwar waɗanda suka riga mu, aka buga sanarwa a jaridu, sannan aka jira kwana 28 da doka ta ba duk mai ƙorafi. Samun shaidar rasuwar ɗaya daga cikin dattawan ya ɗauki lokaci, saboda a gida ya rasu aka yi masa sutura a ranar, ba wanda ya yi tunanin takarda. Idan aka haɗa kuɗin jarida da tarar shekarun baya da kuɗin hukuma, abin da muka kashe a nan ya fi kuɗin manhajar na shekara guda, duk da cewa lauyan bai karɓi ladan aikinsa ba. A wannan tsakani guna-guni ya yi yawa, wasu suna cewa an kafa kwamitin kwamfuta ya koma kwamitin takardu, kuma ni ma akwai daren da na yi tunanin mu koma littafinmu mu huta.

Bayan takardar ta fito muka nemi lambar haraji daga hukumar FIRS, sannan muka yi rajista da SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram, wanda bankuna ke neman satifiket ɗinsa kafin su buɗe wa ƙungiyar sa-kai asusu. Wannan rajista ta intanet ake yi kuma kyauta ce, don haka duk wanda ya ce a kawo kuɗin satifiket, kuɗin wahalarsa yake nema, gara a san haka tun farko a yi ciniki a kai. A banki, wani reshe da ke wajen PZ, an karɓi satifiket ɗin rajista da kundin tsarin mulkinmu da ƙudurin buɗe asusu, da BVN da katin shaida da hotunan masu sa hannu, da takardar kuɗin wuta ta ofis, da fom ɗin shaida daga masu asusu biyu. Abin da ya ja mana jinkiri shi ne tabbatar da adireshi, domin ofishinmu ɗaki ne a jikin wani gida cikin lungu, babu lamba a ƙofa, wanda aka aiko ya duba kuma ya koma ya rubuta cewa bai same shi ba. Sai da na tare shi a Ƙofar Doka na raka shi da ƙafa. Shawarata ga duk mai ofis a cikin birni ita ce ya kafa allo mai sunan ƙungiya kafin ya je banki, ya kuma rubuta kwatance da wani sanannen masallaci ko makaranta a fom. Mun tsara cewa kuɗi ba ya fita sai da hannun mutum biyu, muka kuma nemi a ba ni damar ganin shige da ficen asusun kawai, ba tare da ikon taɓa ko kwabo ba.

Bayan azumin 2024 ne muka koma kan manhaja da takardunmu a hannu, kuma a wannan karon mu ke tambaya. Masu tallar da muka saurara kashi uku ne. Akwai wani mai rubuta manhaja shi kaɗai da ya ce zai gina mana tamu daga tushe a farashi mai sauƙi, amma da muka tambayi da sunan wa za a yi rajistar adireshin shafin da wurin ajiyar bayanai, ya ce da nasa, don ya fi sauƙin kulawa, sai muka yi masa godiya. Akwai manhajar da aka gina domin ƙungiyoyin adashi da bashi, cike take da lissafin rance da ruwa da rabon riba, abubuwan da ba ma yi, kuma ba ta da inda za a rubuta taimakon da aka ba maraya. Sai wani kamfani da ke ba da manhaja haya ga ƙungiyoyi, ana biya da naira duk shekara. Dukkansu sun nuna mana allo mai kyau da sunayen ƙirƙira da suka shirya, mu kuma muka ce ba haka za a yi ba. Muka ba su bayanin shigar kuɗi na wata ɗaya daga cikin watannin rikici, bayan mun rufe sunaye da lambobi, muka ce su nuna mana yadda manhajarsu za ta gane mai kowane kuɗi. A nan aka rabu. Biyu sun dogara ne ga memba ya rubuta lambarsa a gurbin bayani lokacin turawa, abin da mai POS a cunkoson kasuwar Sabon Gari ba zai tsaya yi ba. Na ukun ya ce kowane memba za a ba shi lambar asusu tasa ta daban, wadda duk kuɗin da ya faɗa cikinta, ko waye ya tura kuma daga ko'ina, zai hau kan sunansa, sannan a kwashe zuwa asusun ƙungiya. Baba ya sa aka maimaita masa, ya ciro naira 1,000 ya aiki yaro wajen mai POS na bakin titi da lambar gwaji, kafin yaron ya dawo sunan ya riga ya nuna an biya. Tambaya ta ƙarshe da muka yi ita ce yadda za mu fita idan mun gaji da su, kuma ba mu yarda da amsar baki ba, sai da aka bar ni na danna da hannuna na sauke dukkan sunaye da tarihin biya a fayil ɗin Excel, na buɗe shi a kwamfutata na ga komai ya fito daidai.

Kuɗin haya na shekara shi ne abin da ake faɗa da ƙarfi, amma ƙananan caje-caje su ne ke taruwa. Don a gane yadda suke, mun ɗauki farashin da Paystack, wani kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, ke wallafawa na biyan kuɗi a cikin gida muka yi lissafi da shi: kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, ana yafe naira 100 ɗin idan kuɗin bai kai 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000. A kan wannan ma'auni, wanda ya biya naira 1,000 za a cire naira 15, a shekara 180 ke nan, wanda kuma ya biya 12,000 a lokaci ɗaya za a cire 280. Ga kuma harajin naira 50 da gwamnati ke cira a lokacin kan duk kuɗin da ya kai 10,000. Bambancin ba shi da yawa ga mutum ɗaya, amma idan aka ninka da ɗaruruwan membobi ya kai kuɗin littattafan wasu yara, don haka ya kamata a nemi kowane kamfani ya rubuta nasa cajin dalla-dalla, a kuma yanke tun farko ko memba ne zai ɗauka ko ƙungiya. Mu ƙungiya ta ɗauka, saboda ba ma son a ce wa dattijo ya kawo naira 1,015. Saƙon tes ma yana da nasa sirrin: shafi ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ko guda, sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku a wajen biya. Dole muka riƙa rubuta saƙonnin rasit da baƙaƙe marasa lanƙwasa, abin da bai yi mini daɗi ba ko kaɗan a matsayina na wanda ya koyar da Hausa. Haka kuma ya kamata a gwada ko saƙon yana isa ga layukan da masu su suka toshe saƙonnin talla ta lambar 2442, domin rasit ba talla ba ne, kuma ya kamata ya bi hanyar da ba a toshewa.

Maganar Hajiya kan sirrin mabukata ta sami goyon bayan doka, domin a watan Yuni na 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Lauyan ya nuna mana cewa bayanin lafiyar mutum yana cikin masu tsauri a dokar, bayanan yara kuma sai da yardar iyaye ko masu kula da su, sannan idan aka yi kutse mai haɗari ana son a sanar da hukumar cikin awa 72. Saboda haka muka ƙara layin amincewa a fom ɗin memba, muka ƙi karɓar BVN ko NIN na membobi tunda ba mu da abin da za mu yi da su, muka kuma tsara cewa mutum uku kaɗai ke ganin jerin waɗanda aka taimaka wa. A rahoton da ake karantawa a taro adadi ne ke fita, ba suna ba. A yarjejeniyar da muka sa wa hannu mun sa an rubuta cewa bayanan mallakar ƙungiya ne, ba za a yi talla da lambobin mutanenmu ba, kuma za a share su idan mun tashi.

A babban taron da ya biyo bayan babbar Sallah muka gabatar da shawararmu. Wani dattijo ya ce, "Malam Sakatare, wato kuɗin marayu zai riƙa kwana a hannun mutanen da ba mu taɓa gani ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, zai bi ta hannunsu ne ya sauka asusunmu a ranar aiki ta gaba, kuma kullum ina iya ganin abin da ya shigo da abin da ya sauka." Wani ya tambayi hukuncin cajin da ake cirewa, liman ya ce a fahimtarsa ladan aiki ne kamar na ɗan aike, tunda ba rance aka bayar ba. An amince, bisa sharaɗin cewa littafi zai ci gaba da tafiya tare da manhajar na wasu watanni, duk ƙarshen wata a gwada su. Wannan sharaɗi ya yi amfani, domin a lokacin ne muka gano ramukan da ba a gani a wajen talla. Wasu sun ci gaba da tura kuɗi tsohon asusun Baba saboda shi ne ke ajiye a wayarsu, sai da ya riƙa mayar musu yana ba su haƙuri. Masu biya wa iyali a dunƙule suna zuba duka a lambar mutum ɗaya, sai ya nuna ya biya har baɗi, matarsa kuma tana cikin masu bashi, don haka muka nemi a ba mu damar raba kuɗi tsakanin 'yan gida ɗaya. Waɗanda suka fi son miƙa kuɗi a hannu ba mu hana su ba, ana karɓa a yanka rasit na takarda, a shigar a ranar da sunan wanda ya karɓa. Mun buga wa kowa ɗan kati mai ɗauke da lambarsa ta memba da lambar asusunsa, kuma wannan kati mai araha ya rage kiran waya fiye da duk bayanin da muka yi a taro.

Idan zan ba wata ƙungiya shawara kan jerin matakai, zan ce ta fara da takardunta na rajista da asusun banki tun ranar da aka kafa kwamiti, domin su ne ke da lokacin jira da ba a iya gajartawa, ana jiran su kuma ana gyaran rajistar membobi, sai a zo kan manhaja a ƙarshe. Ƙungiyar da membobinta ba su wuce hamsin ko sittin ba, kuma duk suna haɗuwa a wuri ɗaya, ban ga dalilin da za ta biya haya ba, Google Sheets da asusun banki mai sunanta sun ishe ta. Bukatar manhaja tana tasowa ne idan masu biya sun yi yawa kuma sun warwatsu har ma'aji ya daina gane su da alat. Kuma kada a bari yawan abin da manhaja ke iya yi ya ruɗi kwamiti. Tamu tana da sashen zaɓe da na tikitin taro da ba mu taɓa buɗewa ba, sanarwa kuma har yau ta WhatsApp muke yi.

Abu na ƙarshe da muka tsara shi ne miƙa mulki, tunda duk bayan 'yan shekaru ana zaɓe. Mun buɗe imel da layin waya na ƙungiya, da su aka yi rajistar manhajar, ba da na wani jami'i ba. Kowane jami'i yana shiga da nasa suna da lambar sirri, ta yadda za a san wanda ya gyara kowane layi, kuma ranar da ya sauka a rufe nasa. Duk ƙarshen wata ina sauke kwafin bayanai a ajiye a wuri biyu, a buga taƙaitaccen rahoto Baba da shugaba su sa hannu a saka a fayil. Abin da har yanzu ba mu warware ba shi ne kuɗin watannin farko na 2023 da ba a gano masu su ba. An shigar da su a matsayin gudummawar da ba ta da suna, waɗanda suka ce sun biya a lokacin kuma an karɓi maganarsu ba tare da neman shaida ba, amma basussukan da suka girmi wancan lokaci suna nan a wani shafi na daban, kuma taro mai zuwa ne zai yanke ko a yafe su ko a ci gaba da bi.